Haɗa allon nuni mai kebul na rabin milimita da allon gwaji

Dalibin_Lantarki:
Assalamu alaikum. Ina aikin kammala karatu ne, kuma na sayi allon nuni mai faɗin inci 4.3, mai ɗigo 480 a kwance da 272 a tsaye, domin in haɗa shi da ESP32-S3, wato ƙaramar kwakwalwar lantarki da za ta riƙa aika masa hoto. Wutsiyarsa shimfiɗaɗɗen kebul ne mai haƙora 40, kuma tazarar da ke tsakanin haƙoran rabin milimita ce kacal, alhali ramukan allon gwaji, wato allon da ake soka wayoyi a cikinsa don gwada da'ira ba tare da dalma ba, tazararsu milimita 2.54 ce. Shin zan iya liƙa siraran wayoyi kai tsaye a kan haƙoran da dalma, ko akwai hanyar da ta fi dacewa?

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kusanci wutsiyar nan da ƙarfen dalma. Tagullar da ke kanta ba ta da kauri, zafi kaɗan zai ɗaye ta daga robar, kuma idan haƙori ɗaya ya tashi to allon ya tashi aiki. An yi wutsiyar ne domin ta shiga soket irin na FPC, wato na shimfiɗaɗɗen kebul, mai murfin kullewa. Ka nemi ɗan allon da aka riga aka ɗora wa soket mai ƙafa 40 na rabin milimita, wanda ke baje ƙafafun zuwa tazarar 2.54.

Kafin ka biya kuɗi, ka duba ko haƙoran soket ɗin a sama suke ko a ƙasa, domin gefe ɗaya ne kawai na kebul ɗin ke da tagulla a buɗe. Wanda ya sayi kishiyarsa yakan juya kebul ɗin don ya yi daidai, sai ƙafa ta 1 ta faɗa gurbin ta 40, wuta ta bi inda bai kamata ba. Ka tabbatar da lambobin ƙafafun da mitar auna wuta, kada ka dogara da rubutun da ke jikin ɗan allon.

Mai_Gyara_Kano:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Idan kuma soket ɗin ya zo daban, ɗora shi ba abin tsoro ba ne. A fara liƙa kunnuwan ƙarfe biyu da ke gefensa bayan an daidaita ƙafafu, a shafa fulaks (man da ke sa dalma ta kama) sosai, sannan a ja bakin ƙarfen dalma a kan layin ƙafafun da ɗigon dalma kaɗan. Inda ƙafa biyu suka haɗe, igiyar tagulla mai tsotse dalma za ta raba su. Idan hannunka bai saba ba, masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre suna yin irin wannan kullum a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Murfin soket ɗin kuma da farce ake ɗaga shi a hankali, ba a yi shi don yawan buɗewa da rufewa ba.

Malama_Firmware:
Malam, ko haɗin ya yi kyau, akwai sauran aiki. Fitilun bayan irin wannan allo a jere suke, saboda haka volt 3.3 ba zai kunna su ba. Yawanci suna neman kusan volt 20 daga da'ira mai ɗaga wuta da ke kayyade ƙarfin da ke bi ta cikinsu. Takardar masana'anta ce za ta ba ka ainihin adadin.

Na biyu, agogon ɗigo na wannan allo, wato siginar da ke tsara saurin aika masa ɗigogin hoto, yana gudu a wajen megahaz 9, kuma dogayen wayoyin gwaji kan sa hoto ya riƙa rawa ko launi ya gurɓace. Ka gajarta su, ka haɗa dukkan ƙafafun ƙasa, wato na layin volt sifili (GND), ba guda ɗaya kawai ba. Allon yana da layukan launi 24 amma ESP32-S3 na fitar da 16 ne, don haka ragowar layukan, waɗanda tasirinsu a kan launi ya fi ƙanƙanta, sai a ɗaure su da layin ƙasa. Hoto guda zai ci baiti 261,120 na ma'ajiya, saboda haka ka tabbata samfurin ESP32-S3 da ke hannunka yana da PSRAM, wato ƙarin ma'ajiyar bayanai.