Gasa katako sannan a sa mishi magani, shin yana hana gara da gaske?

Abu Hafsat:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar katako ina da tambaya. Zan yi rumfa da ƙofofi a gidana, kuma unguwarmu gara ba ta da sauƙi ko kaɗan, malaina ko farin katako in ka ajiye a ƙasa kafin damina ta wuce gara ta gama da shi. Wani abokina ya ce a Turai gasa katako suke yi a tanda har ya yi duhu, wai ba ya ruɓewa. To in an gasa ɗin ana bukatar magani kuma, ko gashin kaɗai ya isa?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam. Gaskiya abokinka ya faɗa amma rabi ya faɗa maka. Aikin da ake kira ThermoWood a ƙasar Finland aka bunƙasa shi wajen shekarun 1990, ana kai katakon zafin digiri 190 zuwa 212 cikin tururi don kar ya kama da wuta. Zafin yana lalata wani ɓangare na sukarin da ke jikin itacen, wanda shi ne abincin funfuna kuma shi ke jawo danshi, shi ya sa katakon baya kumbura da damina ya motse da hunturu kamar yadda ƙofofinmu ke yi. Amma gara fa ba ruwanta, tana cin gasasshen katako sosai, su can arewacin Turai ba su da matsalarta ne shi ya sa ba su damu ba. Kuma gashin yana rage mishi ƙarfi, ya zama mai saurin tsagewa, kar ka sa shi inda zai ɗau nauyin rufi.

Shi ya sa masu bincike suke haɗa biyun, a fara jiƙa katakon da ruwan boron, wato boraks (wani farin garin sinadari mai narkewa a ruwa) da 'yan uwansa, ya shiga ciki sosai, a busar, sannan a gasa. Boron ɗin ya kashe gara da ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari, zafin kuma ya yi maganin danshi da ruɓa. Matsalar boron ɗaya ce, ruwan sama yana wanke shi a hankali, to a Jamus an ɓullo da dabarar dafa katako cikin man tsirrai mai zafi, man ya toshe ƙofofin jikin itacen ruwa ya rage shiga.

Usta Garba kafinta:
Injiniya duk na yarda, amma wa ke da wannan tandar a nan? Mu abin da muka sani Solignum ne, maganin nan da ake shafa wa katako, ko baƙin mai, sai kuma dabarar iyayenmu ta babbake gindin dirka kafin a binne ta. Alhaji shawarata in kana da hali ka nemi itacen da Allah ya yi shi da ƙarfi tun asali, ƙirya ko azarar giginya, akwai soraye da suka fi mu shekaru azararsu na nan daram. Kuma magani a busasshen katako ake sawa, bayan an gama yanka da hudawa, ba wai yaro ya shafa sama-sama da burushi a kan ɗanyen katako ba don mai gida ya ga ya yi baƙi, bakin yankan nan shi ya fi shan magani kuma ta nan gara ke shiga.

Abu Hafsat:
Na gode Usta. To in na tafasa baƙin mai a durom na tsoma katakon fa, ba haɗin zafi da magani ke nan ba?

Injiniya Bello:
A'a don Allah kar ka yi, wuta zai iya kamawa, ga hayaƙin guba ne, kuma baƙin mai bai dace da ƙofar ɗakin da yara ke taɓawa ba. Wanda za ka iya a gida shi ne ka narka boraks a ruwan zafi ka jiƙa katakon na wasu kwanaki, ka shanya a inuwa ya bushe sarai, sai fenti ko banish a kai don ruwa. Dirkokin rumfar kuma ka ɗora su kan dakalin siminti da ƙafar ƙarfe, kar su taɓa ƙasa, ka riƙa dubawa ko gara ta fara ginin hanyarta.