Me ya sa awon maganaɗisun kiromosin ba ya bin lissafi?

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum malamaina. Kiromosin, Cr(C5H5)2, wato sinadarin da ke da ƙarfen kiromiyam (Cr) a tsakanin zobba biyu na C5H5, ilektron 16 gare shi, biyu ba su da abokan zama. Lissafi ya ce ƙarfin maganaɗisunsa 2.83 BM ne (BM, wato Bohr magneton, shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), amma awo na bayar da wajen 3.2. Shi kuma Cr(C6H6)2 mai ilektron 18, da bai kamata maganaɗisu ya ja shi ba, wani lokaci yana motsa ma'aunin Gouy, sikelin da ake auna yadda maganaɗisu ke jan sinadari da shi. Ina matsalar take?

Malamin Kemistiri, Kongo: Wa alaikumus salam 'yata. Abu biyu ne daban. Na kiromosin ba kuskure ba ne, haka yake. Cr(II) ilektron huɗu gare shi a obital ɗin d: uku a matakin da ake kira e2g, ɗaya a matakin a1g. Tunda e2g gida biyu ne masu ƙarfi ɗaya kuma bai cika ba, kewayen ilektron yana ƙara nasa a kan juyinsa. Lissafin √[n(n+2)] da ya ba ki 2.83, inda n ke nufin yawan ilektron marasa abokai, kuwa juyin kaɗai ya sani. Don haka 3.2 ɗin nan daidai ne, kar ki taɓa shi.

Na biyun ne abin damuwa. Cr(C6H6)2 da Fischer da Hafner suka haɗa a 1955 ya cika e2g da a1g tsaf. In maganaɗisu ya ja shi, to iska ta shige shi ta ƙwace ilektron guda, ya koma [Cr(C6H6)2]+ mai wajen 1.73 BM. Dubi launi: na ainihi baƙi-baƙi ne mai ruwan ƙasa, wanda ya lalace yana yin ɗorawa.

Mai kula da ɗakin gwaji: Gaskiyar Malam. A cika bututun a ƙarƙashin naitirojin ko agon, a toshe shi tun a ciki. A bubbuga garin ya zauna sosai har kan alama, domin ramukan iska na ɓata awo, oksijin ma maganaɗisu na jansa. A fara daidaita ma'aunin da Hg[Co(SCN)4], sinadarin da aka riga aka san awonsa.

Ɗalibar Samaru: Na gode. Kiromosin fa, in iska ta taɓa shi?

Malamin Kemistiri, Kongo: Jan launinsa zai gushe, ya koma Cr(III) mai ilektron uku marasa abokai, awo ya doshi 3.87. Sannan ki kula da zafi, μ = 2.828√(χT) ne, inda μ shi ne ƙarfin maganaɗisu a BM, χ yadda maganaɗisu ke jan mol ɗaya na sinadarin, T kuma zafi a ma'aunin Kelvin (K). A bazarar Zariya ɗaki na iya kaiwa 310 K. In kika sa 298 kin rage kusan kashi 2 cikin 100. Ki cire gyaran Pascal na zobban, wato ɗan turin da maganaɗisu ke yi wa ilektron masu abokai, kafin ki lissafa.