Daga Daura Zuwa Kalaba: Wane Yanayi Zan Tarar?

Ɗan Daura: Salamu alaikum 'yan uwa. An tura ni bautar ƙasa Kuros Riba, watan Yuli zan tafi, kuma ban taɓa wuce Abuja ba. Hajiyarmu ta haɗa min kilishi da ƙuli-ƙuli da barguna biyu, wai gari mai ruwa ba ya rasa sanyi. Waɗanda suka zauna can, ku ba ni labari.

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar wa Hajiya bargo ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Fatakwal. A watan Maris sai in baro Kebbi ƙasa ƙayau, ko tsinken ciyawa babu, in na ƙetare Lokoja kore ya fara bayyana, kafin in sauke kaya ana tafka ruwa. Can damina tun Maris take kankama, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Mu kuwa sai Yuni ake shuka da kwanciyar rai, zuwa Oktoba an fara yankan gero an gama. Albasa ta fi kowa sanin bambancin, kwana kaɗan a danshin can ta fara ruɓa.

Maman Biyu: Shekara shida na yi a Kalaba tare da maigidana. Ɗana, abin da ba wanda ya gaya min shi ne danshi. Na shanya zani kwana uku bai bushe ba, sai wari. Takalman sallar maigida na fata na ajiye a ƙarƙashin gado, da na janyo su sun yi fumfuna fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Ruwan da ke sauka can a shekara ya kusa milimita 3,000, wajen ninki huɗu na Sakkwato ke nan. Kuma ba irin namu ba ne da hadari zai haɗu, iska ta taso, a zuba awa ɗaya a ɗauke. Can sai a wuni ana yayyafi, a kwana ana yi. Zafin bai cika wuce digiri 32 ba, amma gumi ba ya bushewa a jiki. Kilishinka ka cinye shi a makon farko.

Basakkwace: Hajiya, ai ku kun ji daɗi. Ku zo Sakkwato a Afrilu ku ga bazara. Sama da digiri 40 kullum, fanka ma iskar tanda take hurowa. Yayyafa wa tabarma ruwa muke yi mu kwana a tsakar gida, ruwan randa ya fi lemon kwalba daraja. Lokacin ne kuma ake jin tsoron sanƙarau.

Malamin Makaranta: Abin da kuke faɗa duk iska biyu ce ke jawo shi. Ɗaya mai danshi daga Tekun Atilantika, ɗaya busasshiya daga Sahara. Inda suke haɗuwa yana matsowa arewa sannu a hankali daga farkon shekara, ya kai iyakarsa wajen Agusta, sannan ya koma. Kudu ce farkon samun ruwa kuma ƙarshen rabuwa da shi. Idan ta hamada ta yi rinjaye, hunturu ke nan. Mafi yawan ƙurar da ke fasa mana leɓe da dunduniya daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa.

Mai Shago a Agege: Haka ne Malam. Shi ya sa a Legas ruwa kan ɗan tsagaita a Agusta, daidai lokacin da 'yan uwa a Kano ke waya suna cewa katangar ƙasa ta faɗi.

'Yar Jos: Malam, ka manta da tudu. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ne ko fiye. A Disamba da Janairu akan wayi gari sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Ranar da ƙawata ta zo daga Maiduguri, ta taɓa ruwan alwala da asuba ta ja hannu kamar ta taɓa wuta, sai da na ɗora mata a risho. Sanyin nan ne ya sa dankalin Turawa ke yi mana kyau.

Ɗan Mambila: Yaya, da girmamawa, sanyin Jos ƙanen namu ne. A Gembu ko da damina da rigar sanyi muke fita, hazo ya rufe hanya har ka kasa ganin saniyar da ke gabanka. Ganyen shayi ake nomawa a Kakara, a cikin Tarabar da Jalingo ke dafa mutum.

Ɗan Daura: Allah ya saka da alheri. Bargo ɗaya ya koma, zan sayi lema da takalmin roba.

Maman Biyu: Ka haɗa da gidan sauro. Takardun makarantarka kuma ka naɗe su a leda, kar ka bar su jikin bango.