Bahago na kashe ni ta bakhan, don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida ina buga tanis, da hannun dama, bakhan ɗina kuma (wato dukan da ake yi ta bayan hannu) na hannu ɗaya ne. Akwai wani yaro bahago a kulob ɗinmu da ya zame mini ƙarfen ƙafa. Sau huɗu muna haɗuwa, sau huɗu yana ci na, na ƙarshe 6-2, 6-3. Dabararsa ɗaya ce: ya murza ƙwallo da fohan (dukan da ake yi ta gaban hannu) ta faɗo ɓangaren bakhan ɗina, ta yi tsalle har ta wuce kafaɗata. Ni kuma in ta ja da baya har raket ɗina ya kusa taɓa waya, in mayar da ita gajera, ya shigo ya ƙarasa. Saura sati uku gasa, kuma da alama za mu sake haɗuwa. Ko in koma bakhan na hannu biyu ne?

Tsohon Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura ka canza hannu saura sati uku, sai ka rasa tudun dafawa. Ja da bayan nan shi ne ciwonka. Ƙwallon da aka murza, in ka ba ta lokaci hawa take yi, hannu ɗaya kuma ba shi da ƙarfi sama da kafaɗa. Tsaya kusa da layin baya ka tare ta tana tasowa daga ƙasa, wajen ƙugu, kafin ta hau. Ka juya kafaɗa tun tana barin raket ɗinsa, ka rage jan hannu baya. Abin da yaron nan ke yi maka, shi Nadal, mai bugawa da hagu, ya yi shekaru yana yi wa Federer, mai bakhan na hannu ɗaya kamar ka. Da suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar Ostireliya a 2017, ana cin Federer 3-1 a set na biyar, ya ƙi matsawa, ya riƙa dukanta da wuri, ya kwashe gem biyar a jere.

Ɗan Tudun Jos: Baba Koci, a yi haƙuri, wannan fa Federer ne, kuma sai da ya koma raket mai faɗin kai, daga inci murabba'i 90 zuwa 97, tun 2014. Mu nan Jos da muke kan tudu, ƙwallo ta fi gudu da tsalle, mai son tarar ta da wuri a sati uku sai dai ya yi ta dukan firam, wato gefen raket. Malam, yanka ta kawai. Riƙe raket kamar guduma, fara daga saman kafaɗa ka zo ƙasa da gaba, ƙwallon ta tafi a kwance ta yi sulɓi. Mai murza ƙwallo ba ya son wadda ke ƙasa da gwiwarsa. Da wannan yankan Steffi Graf ta yi ta shirya wa fohan ɗinta hanya, ta ci manyan kofuna 22.

Mai tambaya: Na gwada yankan, yallaɓai, sai ta riƙa tashi sama kamar balan-balan, ya same ta a bagas.

Ɗan Tudun Jos: Fuskar raket ka buɗe da yawa, kuma sara kake yi ƙasa kamar mai faskare. Tura hannun gaba.

Hajiyar Dabul: Duk kuna ta maganar hannu, ba wanda ya tambayi inda yake aika ƙwallon. Ɗan'uwa, na tabbata a karkace kake mayarwa, don haka aka koya mana: raga ta fi ƙasa a tsakiya, santimita 91, wajen sanda 107, filin ma ya fi tsawo ta kusurwa. Da na-dama wannan daidai ne. Amma da bahago, bakhan ɗinka na karkace kai tsaye fohan ɗinsa yake zuwa, wato kai ke kai masa abinci har baki. Miƙe ta bisa layi, ka ɗaga ta sosai, ba sai da ƙarfi ba, ta faɗa bakhan ɗinsa. In ya mayar a karkace ta zo fohan ɗinka, wasa ya juya. Haka sabis, wato bugun farawa: in kana bugawa daga dama, yanka ta waje, bakhan ɗinsa ce. Ni mijina bahago ne, shekara goma ina fama da shi a fili, na san halinsu.

Tsohon Koci: Hajiya ta fi mu gaskiya, na janye rabin maganata. Amma ja da baya dai ban yarda ba. Samo wanda zai tsaya da kwando ya jefa maka masu tsalle hamsin kullum, ka sa gorar ruwa taku biyu bayan layi, kada ƙafarka ta wuce ta.

Mai tambaya: Wallahi Hajiya kamar kina wurin, duk a karkace nake mayarwa. Gobe da asuba zan je da gorar. Akwai bahago a nan da zai zo mu gwada ranar Asabar? Ƙwallaye a kaina.