Firizim ya ƙi fitar da launuka a ajina, ina kuskurena?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum. Makon jiya na shiga aji da firizim guda biyu, wato dunƙulen gilashin nan mai kusurwa uku, don in nuna wa yarana yadda farin haske yake rarrabuwa ya ba da launukan bakan gizo. Tun ranar Litinin na yi musu alkawari, suna ta ɗoki. Da ranar ta zo na kunna fitilar wayata na haska gilashin, sai ga wani farin tabo a bango, ɗan ja-ja a gefe guda, ɗan shuɗi a ɗaya gefen. Na juya, na sake juyawa, yara arba'in sun zuba mini ido. Sai da na kai shi bakin taga rana ta buge shi sannan wani guntun bakan gizo ya bayyana a silin, shi ma hannuna na motsawa ya ɓace.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba. Ta ce, "Malama, ai kalar a cikin gilashin take, shi yake shafa wa hasken." Na ce mata a'a. Ta ce, "To yaya aka yi aka sani?" Ba ni da abin da zan nuna mata sai abin da na haddace. Don Allah masu sani ku taimaka mini a kan biyun: yadda zan fitar da launukan sosai, da yadda zan amsa wa yarinyar nan da abin da idonta zai gani.

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam, Malama. Gilashinki lafiyarsa ƙalau, hasken ne ya yi faɗi da yawa. Kowane ɓangare na hasken yana fitar da nasa bakan gizon, sai su hau kan juna a tsakiya su koma fari, gefe da gefe kaɗai ake ganin launi. Ki samu kwali, ki yanka siririyar tsaga da reza, faɗinta kamar milimita 1 zuwa 2, ki toshe taga da shi, rana ta shigo ta tsagar kawai. Ɗakin ya yi duhu gwargwadon iko.

Sannan ki ba launukan nisa su buɗe. Isaac Newton da ya yi wannan gwaji a 1666, bangon da hasken ya sauka yana da nisan ƙafa 22 daga firizim ɗin, kusan mita 7 ke nan, kuma abin da ya fito tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau biyar. Ke ko mita 3 kika samu ya wadatar, ki manna farar takarda a wurin. Kada ki riƙe gilashin a hannu. Ki kafa shi a kan tebur da ɗan yumɓu, ki riƙa juya shi a hankali. Za ki ga tabon yana tafiya, ya tsaya, ya fara komawa baya. To daidai inda ya tsaya ɗin nan ki bar shi.

Fitilar waya kuwa ki ajiye ta. Farinta haɗi ne na shuɗin haske da wani sinadari mai fitar da rawaya, saboda haka wasu launukan za su fito a raunane. Rana ta fi. Amma ki ja musu kunne sosai, kada wanda ya kalli rana ta cikin gilashin.

Baban Yara Uku:

Malama, ni ba malami ba ne, a gida nake yi da nawa. Shawarata kada ki fara da launi, ki fara da karkatar hasken. Ki sa fensir a kofin gilashi mai ruwa su ga kamar ya karye. Sai ki sa kwabo a gindin kwano, yaro ya ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye masa kwabon, wani ya zuba ruwa a hankali. Kwabon zai dawo ba tare da an taɓa shi ba. Ƙaramar 'yata sau shida ta sa na maimaita mata.

Dalilin kuwa, haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, a cikin gilashi ya ragu zuwa kusan 200,000. Na jera yaran kafaɗa da kafaɗa suka riƙe hannu, suka taho a karkace daga ƙasa mai tauri zuwa cikin yashi. Wanda ya fara shiga yashin tafiyarsa ta ragu, sahun gaba ɗaya ya karkata. A cikin gilashi shuɗi ya fi ja raguwar gudu, shi ya sa ya fi shi karkata, daga nan rabuwar take farawa.

Tsohuwar Malama:

'Yar'uwa, ki riƙe yarinyar nan da kyau. Abin da ta faɗa shi ne abin da masana da yawa suka ɗauka kafin Newton, cewa gilashi ne yake sauya farin haske. Kuma amsar tana hannunki, tunda firizim biyu gare ki.

Idan launukan sun fito, ki tare su da wani kwalin mai tsaga, ki bar ja shi kaɗai ya wuce ya shiga firizim na biyu. Kafin ki yi, ki tambaye ta: in gilashi ne mai shafa launi, me zai fito? Ta faɗa, ki rubuta a allo. Ja zai karkata amma zai fito yana ja. Bayan haka ki kife na biyun ki matso da shi dab da na farko, launukan su koma fari. Newton ya aika wa masana na Landan bayanin gwajinsa a 1672, aka daɗe ana jayayya da shi.

Kada kuma ki tilasta musu ganin launi bakwai. Newton kansa da farko biyar ya ƙirga, daga baya ya ƙara ruwan lemo da ruwan baba don su dace da sautuka bakwai na kiɗa. Ni shekaruna talatin a aji ban taɓa iya ware ruwan baba da idona ba. In kin samu lokaci ki ba su labarin Kamaluddin al-Farisi, wanda a farkon ƙarni na 14 ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mai da shi kamar ƙaton ɗigon ruwan sama, ya bi sawun haske a cikinsa har ya bayyana yadda bakan gizo yake samuwa.

Malamar Aji Biyar:

Allah ya saka muku da alheri. Yau da misalin ƙarfe tara muka yi. Mun rataye zannuwa a sauran tagogin, na kafa gilashin da yumɓu, launukan suka fito a takarda tsawon tafin hannuna, aji ya yi tsit. Na sa kowa ya ƙirga a ransa ya rubuta. Yawanci biyar suka rubuta, wasu shida, yaro ɗaya ya ce takwas kuma ya dage.

Yarinyar ita ta riƙe kwali na biyu. Ta ce jan zai fito kala-kala, na rubuta a allo. Mun sha wahala kafin ya shiga gilashin, don rana na tafiya tabon yana gocewa, kuma da ya fito ya dusashe sosai. Amma ja ne. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce wataƙila ja ne kaɗai gilashin bai iya shafa masa, a gwada kore. Kafin mu daidaita tsagar rana ta bar tagar, don haka kore sai gobe in Allah ya kai mu. Malam, akwai dabarar da zan yi da madubi in riƙa dawo da hasken cikin tsagar idan rana ta matsa?