Wane famfo zan sa wa tafkin lambu da ba zai niƙe talibambam ba?

Mai Lambu, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Akwai ƙaramin tafki da aka shimfiɗa wa tamfol a lambu a nan Katsina, tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi kamar santimita 60. Ba na kiwon kifi ba ne, an yi shi ne don kwaɗi da mazari da tsuntsaye. Yanzu ruwan ya yi kore shar, ga tsutsar sauro. Mai shago ya ce a jefa sumo. Ba zai zuƙe talibambam ba? Wane famfo da wane mataci ya dace?

Mai Gyaran Famfo:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar sumo. Na rijiyar burtsatse ne, mai rabin doki ma wat 370 yake ci, ya fi ƙarfin wurin nan nesa ba kusa ba.

Ruwanka lita 3,600 ne. Tafkin kifi ake juyawa duk awa ɗaya ko biyu saboda kashi da ragowar abinci. Naka in ya zagaya sau ɗaya a awa uku zuwa huɗu ya isa, wato famfo mai lita 1,000 a awa, wat 15 zuwa 25. Ka lura, lambar da ke jikin kwali lissafi ne na ruwan da bai hau ko'ina ba. In zai tura shi sama mita ɗaya, abin da zai fito ya ragu sosai, don haka duba jadawalin da ke gefe.

Amma abin da ke kashe talibambam gudun ruwa ne a bakin shiga, ba girman inji kaɗai ba. Lita 1,000 a awa kusan mililita 280 ne a daƙiƙa. In duk ta bakin fayif mai inci ɗaya za su bi, ruwan na gudun fiye da santimita 50 a daƙiƙa, sabon ƙyanƙyasa ba shi da yadda zai yi, sai farfela. Sa famfon cikin kwandon roba mai santimita 30 ta kowane gefe, ka naɗe shi da raga mai ido milimita 1 zuwa 2, sama da ƙasa, ka ɗaure. Ruwan nan dai shi ne zai shiga, amma ya rarrabu a faɗin kwandon, gudunsa bai kai santimita ɗaya a daƙiƙa ba. Talibambam zai zo ya kiwata gansakuka a jikin ragar ya wuce abinsa.

Kada ka liƙa ragar a bakin famfon kai tsaye. Kwana biyu ta toshe, abin da ya matso ya manne a jikinta, injin kuma ya yi zafi ya ƙone. Ɗora kwandon kan bulo, santimita 20 daga ƙasa. 'Ya'yan mazari a cikin laka suke zama, sannan ko tiyo ya cire da dare ruwan ba zai ƙare ƙaf ba.

Malamar Kimiyya, Daura:
Bayanin ya yi, amma a ƙara wannan da babbar murya: kada a yanko gidan sauro mai magani a yi ragar da shi. Maganin da ke jikinsa, irin su fametirin da deltametirin, guba ne mai ƙarfi ga kifi da ƙwarin ruwa, wanki kuma ba ya fitar da shi tunda an yi shi ne don ya jure wanki. A sayi ragar taga ta roba. Fayif ɗin jan ƙarfe da maganin gansakuka mai jan ƙarfe su ma a nisance su.

Ni a ganina matacin kanti bai dace da wannan tafki ba, balle mai fitilar UV, wadda haskenta ke kashe koren ruwa. Koren da kake gani abincin ƙananan halittun da mazari ke ci ne, in ka share shi tas ka share kasuwar. Matacin tsakuwa ya fi. A gefen tafkin a yi wani rami mai faɗin murabba'in mita ɗaya, zurfi santimita 30, da tamfol ɗinsa, leɓensa ɗaya ya karkata zuwa tafkin. A kwantar da fayif mai huda-huda a ƙasa, hudojin na kallon ƙasa, a zuba wankakkiyar tsakuwa mai girman santimita 1 zuwa 2. Ban da yashi, toshewa yake. Famfo ya turo ruwa ta ƙasa, ya tsattsafo ta cikin tsakuwar, ya gangara a hankali. Bakteriyar da ke kama jikin tsakuwa ita ke mayar da amoniya naitiret, tsirran da aka dasa a kai su sha. Sai ta yi mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu, saboda haka a yi haƙuri. Ranar wanki a yi da ruwan tafkin. Ruwan famfon gari yana da kilorin, zai kashe ta. Na ƙari ma, ganin yadda bazara ke shanye ruwa, a bar shi a buɗaɗɗen duro kwana biyu tukuna.

Bado ya rufe kamar rabin fuskar ruwan, inuwarsa ce babban maganin kore. Kainuwa na shan datti amma sai ana kwashe ta duk mako. Kachala kuwa kar ta shigo, saiwarta na huda tamfol. Wanda zai ɗebo tsiro daga madatsar ruwa ta Ajiwa ko ta Daberam ya sa safar hannu, ya ajiye shi a bokiti mako biyu yana tsince dodon koɗi da ƙwansa, domin dodon koɗin ne ke ɗauke da tsargiya.

Mai Lambu, Ƙofar Sauri:
Na gode, Allah ya ƙara sani. To in haka ne, Malama, ko a bar famfon gaba ɗaya? Wutar ma ba kullum ba.

Ɗan Sola:
A ƙasa mai sanyi da sai in ce a bari. A nan, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin miligiram 9 a lita, a digiri 35 kusan 7 ne, kuma da dare koren nan da kansa yana shan iskar. Mafi ƙarancinta gab da asuba. Nan matsalar famfon da aka jona kai tsaye da farantin sola take: yana aiki da rana lokacin da ba a matse ba, ya kwanta lokacin da ake nemansa. Sa batir. Wat 20 na awa 12 daidai yake da amfiya-awa 20 a bolt 12, batirin ruwa kuwa ba a shan fiye da rabinsa, don haka nemi mai 40 ko 50, da faranti wat 100 da kwantirola. A goge farantin da hunturu. Bolt 12 ya fi kwanciyar hankali inda yara ke wasa. In dole sai wutar gida, a sa birekar RCD, wadda ke yanke wuta in ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30, kuma kar a yi jonin waya da salatif a bakin ruwa.

Akwai hanyar da ba farfela sam. Ɗan injin iska irin na masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, wat 5 zuwa 10, ka tsayar da fayif mai inci biyu a wuri mafi zurfi, ka zura dutsen iska can ƙasansa, gwiwa a sama daidai fuskar ruwa. Kumfa na hawa tana jan ruwa, abin da ya shiga ya fita da ransa. Sai dai ɗagawarsa 'yan santimita ce, dole matacin tsakuwar ya zauna kusan daidai da tafkin.

Malamar Kimiyya, Daura:
Haka ne, kuma motsin fuskar ruwa na rage sauro, amma a bar kusurwa ɗaya shiru mai tsirrai. Da ruwan farko na Yuni kwaɗi za su zuba ƙwai, wasu dunƙule, wasu zare-zare. In an gani, a rage famfon da bawul a gefen fita, ba a gefen shiga ba, na tsawon mako biyu. Tsutsar sauro in ta yi yawa a nemi Bti, maganin tsutsar sauro da ake yi da bakteriya, ba ya taɓa kwaɗi da mazari. Kananzir da baƙin mai kuwa kowa za su kashe. A kuma jingina katako ko a yi gangare da duwatsu a gefe ɗaya, tamfol santsi gare shi, bushiya in ta faɗa ba ta iya fita.