Kumbon takarda: ku da kuka taɓa haɗawa, yaya naku na farko ya kasance?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa haɗa kumbon takarda, irin na finafinan sararin samaniya ɗin nan da ake sauke zanensa a intanet a buga a yanka a liƙa, ku zo ku gaya mana yadda kuka fara. Ni da ƙanina muka sa hannu a hutun nan, Millennium Falcon na Star Wars ya zaɓa don shi yake so, shafuka rututu, mun yanka mun liƙa har mun kusa rabi sai faifan sama ya ƙi zama a kan na ƙasa, gefe ɗaya ya haɗu ɗayan ya bar ratar da yatsa zai shiga. Yaron ya damu sosai kuma bana so ya watsar, don tunda muka fara ya rage riƙe waya. Takardar fotokwafi muka yi da ita da farin gam. Ku me kuka gani?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Takardar ce ta farko. Ta fotokwafi giram 80 ce, da ta sha gam take laushi ta yi tamoji, ba za ta iya riƙe faifai mai faɗi haka ba ko waye ya haɗa. Ka je wajen masu buga katin biki ka ce su baka kati mai giram 160 zuwa 180, shi ne daidai, firinta na iya jansa kuma yana lanƙwasuwa. Kar ka biye wa mai shago ya baka mai kauri sosai irin na bangon littafi, wannan wajen naɗe ƙananan bututu zai dinga ɓarewa gida biyu.

Na biyu kuma gaskiya kumbon da kuka ɗauko ba na ɗan koyo ba ne. Zagayayye ne, ga tarkace ƙanana a jikinsa ko'ina, kuma duk abin da yake zagaye a takarda ƙananan fuskoki ne da yawa ake jerawa, in kowacce ta kauce da rabin milimita kafin ka zagayo ka dawo ratar ta taru ta zama wannan da kake gani. Ni da Star Destroyer na fara, mai siffar kan mashi ɗin nan da ya fito a farkon fim ɗin Star Wars na 1977, kusan duk jikinsa fuskoki ne shimfiɗaɗɗu da layi miƙaƙƙe, a nan hannuna ya faɗa. Ku ajiye naku a kwali kar ku yar, za ku dawo masa.

Maman Khairat:
Sannunku. Ɗan Gwale tsaya in tambayeka, duk shafukan a shago ɗaya kuka buga kuma rana ɗaya? Don ni abin da ya same mu kenan da 'yata, mun buga rabi a wani shago wuta ta ɗauke, washegari na aika aka ƙarasa a wani wajen, da muka zo haɗawa sai muka ga fukafukan sun fi gurbinsu girma kaɗan. Ashe zanen daga Amurka yake, su takardarsu ba A4 ba ce, tasu milimita 216 ce a faɗi 279 a tsawo, tamu kuma 210 da 297, toh shagon farko kwamfutar ta rage zanen don ya shiga takarda, na biyu ya buga shi yadda yake. In duka shafukan aka rage su daidai wa daida babu matsala, kumbon zai ɗan ƙanƙance ne kawai, matsalar ita ce a gauraya. Yanzu tsayawa nake a kan yaron shagon in ga abin da ya danna da idona, kuma ina zuwa da rula in gwada.

Ni abin da yasa ma na ƙyale ta take yi, ba siffar mai rai ba ce, hankalina kwance, kuma yarinyar da bata iya zama waje ɗaya yanzu sai na ce ta tashi ta ci abinci.

Ɗan Gwale:
Kai Anti wallahi kin gano shi, shago biyu ne. Yanzu na ɗora rula, shafukan faifan ƙasa sun fi na sama. Allah ya saka da alheri.

Bazazzagi:
Toh tunda an gano wannan bari in kawo wanda ba a faɗa ba, wato karya layi kafin a lanƙwasa. Nawa na farko da hannu kawai nake lanƙwasawa, kusurwoyin duk suka fito a daskare babu kaifi, hancin kumbon ya karkace kamar ayaba. Wani dattijo mai ɗaurin littattafai a unguwarmu ne ya ga abin a hannuna ya ce kawo, ya ɗauko biro da tawadarsa ta ƙare ya ɗora rular ƙarfe a kan layin ya ja sau ɗaya yana ɗan dannawa, ya lanƙwasa, sai ga kusurwa ta fito tsaf. Ya ce min takarda sai an nuna mata hanya. Tun daga ranar kafin in yanka komai sai na bi duk layukan lanƙwasa da biron tukuna, tun shafin yana cikakke, don in ka riga ka yanka ƙaramin yanki riƙe shi a ƙarƙashin rula wahala ne.

Kuma ku lura layukan iri biyu ne, akwai wanda ake lanƙwasawa ya yi tudu akwai wanda yake yin kwari, kowane mai zane da alamar da yake sa musu, a duba shafin bayani kafin a fara. Sannan kar a yanka duka a tara, yanki ɗaya ko biyu za ka yanka ka rubuta lambarsa a baya da fensir ka liƙa sannan ka ci gaba, in ba haka ba fanka ɗaya ta isa ta watsa maka aikin.

Malam Injiniya:
Haka ne Bazazzagi. In ƙara, in fayil ɗin da kuka sauke ƙarshensa pdo ne, da manhajar Pepakura ake buɗe shi, ta wani kamfanin Japan ce Tama Software, mai dubawar kyauta ce a kwamfuta. Amfaninta kana danna yanki a shafi za ta nuna maka inda yake a jikin kumbon, ka juya shi ta ko'ina, kuma tana iya sa lamba a kowane gefe, gefe biyu masu lamba ɗaya su ake haɗawa. Wanda PDF kawai ya samu sai ya dogara da hotunan bayani.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum, ina gaida manya. Ni maganar gam da yanayi zan yi don nan na fi shan wuya. Lokacin hunturu farin gam kafin ka gama shafawa ya fara bushewa, dole ka yi sauri kuma ka ɗiga kaɗan a murfin kwalba kana ɗiba, in ka bar robar a buɗe sai ta yi fata. Da damina kuma akasin haka, katin ya sha raɓa ya yi laushi, gam ya ƙi kamawa da wuri, shafin da ka buga ka ajiye da safe ka tarar ya nannaɗe. Ni cikin leda nake sa su in danne da littafi mai nauyi. Gam kuma da tsinken sakace nake shafawa a kan ɗan gefen takardar da aka bari don liƙawa, siriri sosai har sai ya kusa daina sheƙi, in haɗa in matse da hantsaki in ƙirga a raina kaɗan. In ka ga gam ya fito ta gefe toh ya yi yawa.

Kuma dan Allah kar kowa ya yi da gam ɗin sitati ko na fulawa da muke dafawa muna yara, yana kamawa amma kyankyaso na sonsa, wani ɗan ajinmu ya ajiye nasa a kan durowa ya tarar an cinye masa gefen fiffike.

Bazazzagi:
Ni fa sufa gulu nake sawa a wasu wuraren, ban ga laifinsa ba.

Ɗan Maradi:
Yaya ba na ɗan koyo ba ne gaskiya, baya ba ka damar gyara ko kaɗan, in ya kama a karkace shikenan, kuma yana ratsa kati ya bar tabo mai duhu, ga yaro a wajen zai liƙe yatsunsa.

Bazazzagi:
Na yarda ba a haɗa jiki da shi. Inda nake nufi ƙananan abubuwa ne irin eriya da bakin bindiga, bayan na naɗe su da farin gam sun bushe sai in ɗiga musu ɗigo ɗaya, takardar ta sha ta yi tauri ta daina lanƙwashewa. Yaro kam a'a, babba ya yi masa.

Hajiya Malama:
Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki. Ni ɗalibaina ne suka ja ni ciki, muna da ɗan kulob na kimiyya, da na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, muka fara don suna sa zanen kumbunansu na gaske kyauta, muka yi Cassini wanda aka harba a 1997 ya je duniyar Satun, daga nan yaran suka ce sai na fim. Muka ɗauko Enterprise ta Star Trek, mai faifai a gaba da injina biyu dogaye a baya a kan siraran ƙafafu. Ranar da muka gama ta yi kyau ƙwarai har shugaban makaranta ya zo ya gani, amma kafin sati ya zagayo injinan sun fara sunkuyawa ƙasa, don ƙafafun takarda ce zalla kuma nauyi na kansu. Da muka sake sai muka sa tsinken tsire a cikin kowace ƙafa ya ratsa har cikin jiki, haƙarƙarin ciki kuma muka liƙa su a kan kwalin maganin sauro kafin mu yanka don su yi kauri, faifan ma muka yi masa haka. Wannan har yanzu tana tsaye a ofis. Duk kumbon da yake da wani abu dogo da ya fito waje, tun kafin ka rufe jikin ka yi tunanin me zai riƙe shi, in ka rufe babu hanyar shiga kuma.

Abu na biyu farin bakin takarda. Kumbon toka-toka ne ko baƙi, amma duk inda ka yanka farin cikin katin zai fito ya zana layi a jikinsa, daga nesa ma ana gani. Kafin ka liƙa ka bi bakin da maka, wato alƙalamin kala, mai ruwan toka, ta bayan takardar kake jan ta da gefen bakinta don kar ta zame ta ɓata fuskar, in babu maka gefen fensir ma yana yi. Yaran sun fi ƙin wannan aikin don yana cin lokaci, amma da suka jera wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba babu wanda ya sake gardama.

Maman Khairat:
Hajiya wace firinta kuke bugawa da ita? Mu ta leza ce a shagon, kuma na lura in an lanƙwasa kalar tana tsagewa a kan layin.

Hajiya Malama:
Haka take yi Maman Khairat, ita hoda ce ake narkawa a saman takarda shi yasa take fashewa a lanƙwasa, mai tawadar ruwa kuma tana shiga cikin takardar bata tsagewa amma in jiƙaƙƙen yatsa ko gam ya taɓa sai ta dame. Kowacce da nata. Mu leza muke yi don ita ce a kusa, inda ya tsage mu bi da maka.

Malam Injiniya:
Ɗan Gwale da me kuke yanka? Na manta ban tambaya ba.

Ɗan Gwale:
Almakashi da reza Malam. Rezar ni kaɗai nake riƙewa, na naɗe gefe ɗaya da salatif.

Malam Injiniya:
Toh madalla, amma in ka samu 'yar wuƙar yankan takarda mai mariƙi a shagon kayan makaranta ta fi aminci, kuma da ta fara jan takarda maimakon yankawa ka canza baki. Kar ka yanka a kan tayil ko gilas, yana kashe kaifi nan take, ka sa kwali mai kauri ko katakon roba na yankan albasa a ƙasa. Ƙanin naka ka bar masa manyan yankuna da almakashi da karya layi da shafa gam, aiki ne mai yawa kuma shi ne zai ce shi ya haɗa.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka, ya yarda mu fara da mai kan mashin, gobe in Allah ya kai mu zan shiga wajen masu katin biki. Hajiya in mun gama a ina ya fi mu ajiye, don ƙurar ɗakinmu ba kaɗan ba ce kuma yana so a rataye shi a silin.

Hajiya Malama:
In za ku rataye ku sa zaren tun kafin ku rufe saman, ku ɗaure shi a jikin haƙarƙarin ciki ba a fatar waje ba, kuma nesa da fanka. Amma da hunturu gara ku sauke shi ku sa a shogilas ɗin Mama in ta yarda, ko cikin farar roba mai murfi, don ƙura in ta shiga lungunan nan sai da busasshen burushi mai laushi take fita, tsumma mai ruwa kuma kar ya kusance shi.